Wuƙa, Gashi ko Man Shafawa: Zaɓin Magani Idan Gyambo Ya Zama Ciwon Daji na Fata

Kawuna yana ɗan shekara 9 ya faɗa cikin wutar jin ɗumi, wata safiya ta hunturu, ƙwaurinsa na hagu ya ƙone tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu. Ya warke, wurin ya bar tabo fari-fari mai sheƙi, mu dai haka muka tashi muka gan shi. Da ƙafar ya yi noma, da ita ya yi fatauci, har ya aurar da 'ya'ya. Sai da ya haura hamsin wani ɗan ƙurji da bai fi ƙwayar wake ba ya fashe a tsakiyar tabon, ya ƙi rufewa. Wata ɗaya, wata uku, shekara. Aka ce gyambo ne. Aka yi ta wanki da ruwan ɗumi da gishiri, aka barbaɗa garin kafso, aka ɗaura ganye. Ranar da wani dattijo ya leƙa ya ce "wannan ai daji ne", ranar aka rufe maganar asibiti, domin kowa a gidanmu ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura.

Ko da muka kai shi, mikin ya kai faɗin tafin hannu. Bakinsa ya kumbura ya juyo waje kamar leɓe, a ciki wani jan nama ya tsiro gudaji-gudaji, auduga ma ta taɓa shi sai jini, ga warin da ke riga shi shiga ɗaki. Likita ya yi allurar kashe zafi a gefen mikin, ya gutsuro ɗan nama ya jefa a kwalba. Bayan mako biyu takarda ta fito da haruffa uku: SCC. Likitan ya ce, "Baba, hanya uku ce. Ko mu yanke wurin mu yi dashen fata, ko a tura ku gashi da hasken na'ura, ko kuwa in ya taɓa ƙashi a cire ƙafar." Kawu ya juyo ya dube ni, ni ne ɗan boko a cikin 'yan rakiya. "To ɗana, wanne ka gani?" Na yi shiru. Abin da zan rubuta nan shi ne amsar da na so a ce tana bakina a ranar.

Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan sama ƙwayoyin halitta ne masu faɗi, a jere kamar ɓawon kifi, kullum tsofaffi na zubewa sababbi na tasowa daga ƙasa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba tsayawa, shi ne wannan nau'in daji da likitoci ke kira sikwamos, su rubuta SCC. A Turai da Amurka da Ostireliya rana ce ke kawo shi, a fuska da kunne da sanƙo da bayan hannun tsofaffin Turawa, kuma shi ne na biyu a yawa cikin dajin fata. A wajen baƙar fata shi ne na ɗaya, kuma sau da yawa ba ruwansa da rana: a ƙafa yake fitowa, a tsohon tabon ƙuna, a gyambon da ya shekara yana ruwa, a bakin ramin da ƙashi mai ciwo ke fitar da mugunya. Wani likitan fiɗa Bafaranshe, Jean-Nicolas Marjolin, ya bayyana irin wannan miki na kan tabo a 1828, har yau da sunansa ake kiransa. Tsakanin ƙunar da fitowar dajin yakan ɗauki kimanin shekara 30, shi ya sa ba mai kawo ƙunar yarinta a ransa. Kuma ya fi na rana mugunta. Na rana bai cika bazuwa ba, ƙasa da 5 cikin 100 ne ke kaiwa ga kaluluwa ko wani sashe na jiki, amma na tabo yakan kai ɗaya cikin huɗu, har ma fiye.

Bayan masu tsohon tabo, rukuni na biyu da ciwon ke yawan kamawa a wajenmu su ne zabiyoyi. Fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana, ga ranar ƙasar Hausa ba ta da sauƙi, sai ka ga matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da irin ciwon da Bature bai cika gani ba sai ya tsufa. Sai kuma waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, masu ɗauke da ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa.

Kafin a zo ga zaɓi, akwai abin da babu zaɓi a cikinsa, wato gwajin tsoka, irin ɗan naman nan da aka gutsuro wa kawu aka kai dubawa. Ido ba ya raba gyambo da daji, ko idon likita ne. Kuma a nan maganar ƙarfe take tare hanya, don haka bari in tsaya a kanta. Mutanenmu ba ƙarya suka ƙaga ba, abin da suka gani suka faɗa: an kai wane asibiti, an taɓa shi da wuƙa, bayan wata huɗu ya rasu. Abin da ba a lissafa ba shi ne shekara biyun da ya yi a gida kafin a kai shi, lokacin da ciwon ya riga ya sauka a kaluluwa. Akwai kuma yankan da ba na ƙa'ida ba, a shafce kan ƙarin a bar gindinsa, ko a yi masa sakiya, ko a zuba masa abu mai ci. Wannan kam yana dawowa, ya dawo da ƙarfi, domin tushen yana nan kuma tabo ya rufe shi ba a ganin tafiyarsa. Gutsuren da likita ke ɗauka don gwaji ba ya watsa wannan ciwo. Duk mikin da ya wuce wata guda zuwa biyu ana yi masa magani bai nuna alamar rufewa ba, musamman a kan tsohon tabo ko a jikin zabiya, ya cancanci a ɗebi namansa a duba.

Idan sakamako ya fito, a nemi likita ya fassara shi dalla-dalla, saboda a cikinsa zaɓin yake. Ciwon yana kwance ne a hawan sama kawai, ko ya huda ya shiga ciki? Faɗinsa ya wuce santimita 2, wato kamar faɗin babban yatsa? Zurfinsa ya wuce milimita 6? Ya bi jijiyar ji? A ina yake? Leɓe da kunne wurare ne masu haɗari, haka kan tabo. An taɓa cire shi ya dawo? Duk inda aka amsa da e, ciwon ya hau matakin da ba a yi masa wasa da ƙananan dabaru.

Tiyata ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma ga yawancin masu wannan ciwo ita ce ta dace. Likita ba ƙarin kaɗai yake cirewa ba, yana haɗawa da lafiyayyar fata da ke kewaye da shi, domin dajin yana miƙa 'yan saiwoyi da ido ba ya gani. Ga ƙaramin ciwo mai sauƙin hali, milimita 4 ake bari ta kowane gefe, kwatankwacin ƙwayar dawa ɗaya. Ga mai haɗari, milimita 6 zuwa 10. Ga irin na kawu, na kan tabon ƙuna, likitocin fiɗa sukan ɗauki santimita 2 ko fiye, su kuma nutsa har ƙasa. Idan ciwon ƙarami ne, aikin bai wuce na minti talatin zuwa awa guda ba: allurar kashe zafi a wurin, a yanke, a ɗinke, mutum ya koma gida da ƙafarsa, bayan mako ɗaya ko biyu a cire zare. Idan ya yi faɗi, dole a shiga babban ɗakin tiyata, a shafto siririyar fata daga cinya a lulluɓe wurin, a kwanta asibiti. Tazarar da ke tsakanin aikin rabin awa da kwanciyar mako uku, a mafi yawan lokuta, watannin da aka yi ana jira ne a gida.

Babbar falalar tiyata, wadda babu wata hanya da ke da ita, ita ce naman da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji a duba gefunansa. Takarda ta biyu za ta fito ta ce an fita da shi duka, ko kuwa saura a gefe kaza. Wannan takarda ta fi ɗinkin muhimmanci, amma da yawa ba sa komawa karɓarta, ganin miki ya rufe. Idan ta ce akwai saura, a koma a ƙara yanka tun wurin bai rikice ba. Falala ta biyu ita ce kusanci: asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna da likitocin fiɗa da ɗakin gwajin tsoka, kuma aiki ne na rana ɗaya, ba na zirga-zirgar wata da watanni ba. Aibinta kuwa a fili yake. Tana barin tabo, kuma baƙar fata na da halin yin tabo mai tudu, musamman a kunne da ƙirji da kafaɗa. A fuska, kusa da ido ko hanci ko leɓe, kowace milimita tana da daraja, don haka a nan a nemi likitan da ya ƙware a gyaran fata, kada a bar wa duk wanda ya iya riƙe wuƙa. Dashen fata ma wani lokaci ba ya kamawa, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba.

Akwai wani salon tiyata da za ka ji ana yabo idan ka bincika a intanet, mai suna Mohs, sunan likitan Amurka Frederic Mohs da ya ƙirƙiro shi a Wisconsin cikin shekarun 1930. Ana yanka siriri, a duba a madubin likita nan take majinyaci na zaune, in akwai saura a koma daidai wurin a ƙara, har sai ya fita tas. Yana tsimin fata, kuma ciwon da aka cire ta wannan hanya kusan 3 cikin 100 ne ke dawowa, alhali na yankan yau da kullum kusan 8 ne. Amma ba a cika samunsa a yankinmu ba, sai an fita waje. Ra'ayina, wanda ciwonsa ke hannu ko ƙafa ko gadon baya kada ya ɓata wata shida yana tara kuɗin jirgi saboda wannan bambanci, ciwon ba zai jira shi ba. Inda ya cancanci a yi tunaninsa shi ne fatar ido, hanci, leɓe, ko ciwon da ya dawo bayan an cire. Ko a nan ma akwai dabarar da za a iya tambayar likita a gida: a yanke, a rufe mikin da bandeji ba tare da an yi gyaran ƙarshe ba, sai sakamakon gefuna ya fito sannan a rufe.

Sai gashi. Sunan kansa na firgita mutane, wasu kuma yana jan su, don suna ganin hanya ce ta tsere wa wuƙa. Ba wuta ba ce, kuma ba a jin komai lokacin da ake yi. Mutum zai kwanta, na'ura ta auna wurin ta harba masa wani haske da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin dajin, cikin 'yan mintoci a tashi. Wahalar ba a kan gadon take ba, a yawan zuwa take: Litinin zuwa Juma'a, mako 4 zuwa 7, ko da yake ga tsoho mai rauni akan taƙaita. Daga mako na biyu ko na uku fatar wurin takan yi duhu, ta yi zafi, ta saɓule, sannan ta warke bayan an gama. Ga ƙaramin ciwo yana warkar da kusan 9 cikin 10, wato bai yi nisa da tiyata ba.

To me ya sa ba shi ne na farko ba? Saboda ba a samun nama a kai gwaji, don haka babu takardar da za ta ce an fita da shi duka, sai dai a zuba ido. Saboda fatar da aka gasa tana ci gaba da sauyawa shekara da shekaru, ta yi siriri, ta sauya launi, gashin jiki da ke tsirowa a wurin ya tafi ba dawowa, kuma in ta ji rauni da ƙyar take warkewa. Saboda wurin da aka gasa sau ɗaya ba a cika maimaita masa ba, in ciwon ya dawo kuma tiyatar ta fi wuya a kan gasasshiyar fata. Kuma saboda hasken kansa na iya haifar da wani sabon daji a wurin bayan shekara goma sha ko ashirin, abin da ba zai dami ɗan shekara 80 ba amma dole ɗan shekara 30 ya sa shi a lissafi. Shi ya sa likitoci suka fi ajiye shi ga waɗanda suka haura 60. A ƙwauri kuwa, inda jini ba ya gudu sosai, balle a kan tabon ƙuna, gashi na iya barin mikin da ba zai rufe ba. Wanda ya zaɓe shi a irin wannan wuri don tsoron wuƙa kawai, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Amma akwai inda gashi ya fi komai. Tsohuwar da zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci ba, ga ciwo a gefen hanci. Ciwon da in aka ce za a yanke shi sai an tafi da rabin fuska. Sannan babban aikinsa, wanda mutane ba su sani ba, shi ne bin bayan tiyata: idan gefe ya nuna saura kuma babu sauran wurin yanka, ko dajin ya bi jijiya, ko an same shi a kaluluwa, sai a yi tiyata a bi da gashi. A nan ba kishiyoyi ba ne, ɗaya na cika aikin ɗaya. Ko ciwon da ya wuce warkewa, ɗan gajeren gashi na rage jini da wari da zogi, kuma wannan ba ƙaramin jinƙai ba ne ga majinyaci da masu jinyarsa.

Sai dai a yi lissafin hanya. Na'urorin gashi ba su da yawa. A Najeriya akwai cibiyoyi a Shika da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Legas da Ibadan, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe ta farko a Yamai da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wanda ke nufin mutumin Damagaram zai yi tafiyar kusan kilomita 900. Kuɗin gashin daban, kuɗin masauki da abinci na wata guda da rabi, na majinyaci da ɗan rakiya, daban, ga gona ko shago da aka bari. Kuma gashi ba ya son yankewa: in aka fara aka tsaya a tsakiya, ƙwayoyin da suka rage suna samun sarari su hayayyafa. Don haka tun kafin a kama hanya a tambaya ko na'urar na aiki, layin ya kai wata nawa, kuma a tabbata guzurin zai kai ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ƙananan dabaru, waɗanda ba sa buƙatar ɗakin tiyata. Akwai ƙanƙararwa, inda ake fesa wa wurin wani ruwan iska mai sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi bororo ya ɓare. Akwai kankarewa da ɗan cokalin ƙarfe a bi da ƙonawar lantarki. Akwai man shafawa irin su Efudix da Aldara, da ake shafawa na wasu makonni, wurin ya yi ja ya yi ɓawo kamar ya ƙara lalacewa, sannan ya warke. Duk waɗannan suna da amfani na gaske, amma galibi a wuri ɗaya: ciwon da bai huda ƙasa ba. Wato ƙaiƙayayyun tabban nan masu kaushi kamar yashi da rana ke haifarwa kafin su zama daji, da kuma matakin da dajin ke kwance a hawan sama kawai, wanda ake kira cutar Bowen, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1912. Irin wannan in an bar shi, 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke hudawa ciki. Da zarar ciwo ya yi tudu, ya yi tauri in ka matsa, ko ya fashe, ya wuce hurumin mai da sanyi. Abin da nake tsoro a nan shi ne mai zai iya warkar da saman, fata ta rufe, mutum ya yi hamdala, alhali abin na ci ta ƙasa. Kada a sayi waɗannan mayuka a kemis a shafa bisa zato. A baƙar fata kuma, ƙanƙararwa takan bar farin tabo da ba ya komawa.

Ga zabiya lissafin ya ɗan sha bamban, kuma wannan ya fi tsaya mini a rai. Akwai wata yarinya a unguwarmu, zabiya, tana tallar gyaɗa tun tana ƙarama, da tsakar rana, kai ba ɗankwalin kirki. Tana da shekara goma sha ka taɓa bayan wuyanta ka ji shi kamar bayan tukunya. Wanda ke da irin wannan fata ba ciwo ɗaya zai yi a rayuwarsa ba, zai yi ta fitar da su ne, yau a kunne, baɗi a goshi. Don haka dole a yi tsimin fata, kuma a nan ne ƙananan dabarun nan suke da babbar rana: a riƙa zuwa ana dubawa duk wata shida, a ƙanƙare masu kaushi tun ba su zama komai ba, a yanke wanda ya yi tudu tun yana ƙwayar wake, a ajiye gashi sai inda ya zama dole, tunda yawancinsu matasa ne. Sauran aikin a gida yake: malfa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu da ba ta shara-shara ba, man kariya daga rana mai lamba 50 a fuska da wuya da kunne da bayan hannu, da kauce wa rana daga hantsi zuwa la'asar. Mafi girman abin da iyaye za su yi wa ɗansu zabiya shi ne su zaɓa masa karatu ko sana'ar inuwa, ɗinki ko tsaron shago, su raba shi da talla da noma da acaɓa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabiya, ana tarurruka, amma malfa ɗaya a kan yaro kullum ta fi taron amfani gare shi.

Idan ciwon ya riga ya bazu ko ya fi ƙarfin wuƙa da gashi, sai maganin da ke bin jini. Tsohuwar hanya ita ce ƙarin ruwa mai kashe ƙwayoyin daji, irin su cisplatin, wanda kan rage ƙarin na ɗan lokaci amma ba ya cika daɗewa, ga amai da kasala da taɓa ƙoda. Sabuwar hanya ita ce maganin da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi dajin da kanta. A watan Satumba na 2018 Amurka ta amince da irin wannan magani mai suna Libtayo don wannan ciwo, a 2020 ta ƙara da Keytruda. Ana ƙara shi ta jijiya duk mako 3, kuma kusan rabin waɗanda aka gwada Libtayo a kansu ƙarinsu ya ragu, wasu ma ya ɓace. Ci gaba ne na gaske. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu nesa ba kusa ba, yana iya sa garkuwar ta juya kan huhu ko hanji ko hanta, kuma ga wanda aka yi wa dashen ƙoda yana iya sa jiki ya ƙi ƙodar. Ba madadin tiyatar ƙaramin ciwo ba ne, ko ga mai kuɗi.

Saura magana mai nauyi, cire ƙafa ko hannu. Ba a kawo ta sai dajin ya shiga ƙashi ko gaɓa, ko ya naɗe manyan jijiyoyin jini, ta yadda ko an bar ƙafar ba za ta taku ba. Hoton ƙashi ne ke raba gardama, ba tsoro ko ƙarfin hali ba. Wanda aka gaya wa haka yana da haƙƙin ya ji ta bakin likita na biyu, amma ya yi hakan cikin kwanaki, kada ya mai da shi hanyar gudu. Na ga yadda ake ɗauke majinyaci daga asibiti da dare don an ambaci yanke ƙafa, a dawo da shi bayan wata biyar da kaluluwa ta fashe a matsematsi, lokacin da ko an yanke ba ta da amfani.

Shi kawu Allah Ya taimake shi, hoto ya nuna ƙashin lafiya lau. Likitan ya ce shi dai tiyata ya fi so, ya kuma faɗi dalili: tabo ne, ƙwauri ne, kuma yana son ya ga gefunan da idonsa a takarda. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Likita, ƙarfen nan fa?" Likitan ya ce, "Baba, ai ƙarfen ya riga ya taɓa ku mako biyu da suka wuce, ga ku nan zaune." Aka yanke da faɗi, har da tsohon tabon da ke kewaye, aka ɗebo fata daga cinyarsa ta dama. Ya ce zafin cinyar ma ya fi na ƙwaurin. Ya yi mako uku a kwance, ƙafa a kan matashi. Ni na koma na karɓo takarda ta biyu, ta ce gefuna da ƙasa duk sun fita.

Ba a sallame shi gaba ɗaya ba, domin yawancin dawowar wannan ciwo cikin shekara biyun farko take faruwa. Duk wata uku muke komawa, likita ya duba dashen, ya sa yatsu a matsematsinsa yana laluben ƙullutu. Ya koya masa yadda zai yi da kansa, ya ce in ya ji wani abu mai tauri kamar gyaɗa da ba ya ciwo kuma bai tafi ba cikin mako biyu zuwa uku, kada ya jira ranar da aka rubuta masa. Yanzu duk ranar Juma'a in ya yi wanka, kafin ya sa kaya, sai ya zauna a bakin gado ya shafa dashen da man kaɗanya, ya bi gefensa da yatsa a hankali, sannan ya laluba matsematsin hagu, ya laluba na dama don ya gwada.